Kayan Wani a Kaina Har Kumasi

A bakin iyaka, gaba kaɗan da Ɗan Barto, aka fara kwance mini kaya a gaban jama'a. Ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya sa na sauko da buhuna daga kan kamyo, babbar motar da ta ɗauko mu, na shimfiɗa tabarmata a ƙasa, na zazzage komai a kai. Ya riƙa taɓa kayan ɗaya bayan ɗaya da bakin sandarsa.

"Wannan fa?"

"Daddawa ce, ranka ya daɗe. Saƙon Isuhu."

"Wannan?"

"Kilishi. Na Isuhu ne."

"Goran nan fa?"

"Man shanu ne. Shi ma na Isuhu."

Haka muka bi ta kan kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da hula biyu da takalman fata. Da muka kai ƙarshe ya dube ni ya ce, "To kai ne Isuhun?"

"A'a, Lawali nake."

"To Lawali, kai ina naka kayan?"

Na nuna masa buta, da riga da wando na canji, da wuƙa, da ƙullin dakuwa, da takardata ta shaida. Mutanen kamyo suka fashe da dariya. Ni ma na washe baki don dole, na hau mayar da kayan cikin buhu.

Isuhu ɗan gwaggona Hassu ne, taubashina. Damina ɗaya aka haife mu a Matamaye, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Tun muna yara komai shi ke riga na. Ya riga ni sauka, ya riga ni tsawo, ko kunya muka kama a gonar gyaɗa sai ya kai ƙarshe ya juyo yana tambayata ko ya taya ni. Shekara biyu kafin tafiyata ya tafi Kumasi, a ƙasar da lokacin ake ce wa Gwalkwas, ya shiga hidimar wani attajirin goro. Bai daɗe ba ya aiko wa uwarsa turmin atamfa da hotonsa, yana sanye da agogo. Mata suka yi ta zuwa gidan suna shafa atamfar. A bakin rijiya Isuhu, a kasuwa Isuhu, a ƙofar masallaci Isuhu. In gaskiya zan faɗa, ba neman arziki ya fitar da ni daga gida ba. Na tafi ne don a daina faɗin sunansa shi kaɗai.

Inna ta haɗa mini kaya yadda ya kamata. Ta sa bargon babana, ta sa gumba mai yawa wadda za ta kai ni nesa, ta sa malafa, da allura da zare, da sabulun salo. Sai labari ya bazu cewa Lawali zai tafi inda Isuhu yake. Gwaggo Hassu ce ta fara zuwa da nata saƙon, 'yan'uwa suka biyo baya, kowa da ƙullinsa. Buhu ya cika, baki ya ƙi rufuwa. Na ce a rage saƙo. Baba ya ce ba za a mayar wa ƙanwarsa da kayanta ba. Aka fid da bargo, wai ai can ƙasar zafi ce. Aka fid da gumba, wai zan sami abinci a hanya. Inna na kallo ana fid da abin da ta sa, sai ta tura ƙullin dakuwa cikin kusurwar buhun da yatsa.

Da la'asar ta ranar Zulai ta zo. 'Yar maƙwabtanmu ce, tana tallar ƙuli-ƙuli, kuma na fi shekara ina sayen ƙulin da ba na so don kawai in tsaya kusa da ita. Ta tsaya a ƙofar zaurenmu ta aika a kira ni. Na fito har ina tuntuɓe, a zatona ban kwana ta zo yi mini. Ta dubi hagu da dama, ta miƙo mini wani ɗan ƙulli a yankin tsumma.

"Ka ba Isuhu. Kada ka sa a buhu. A hannunsa za ka sa."

Na ce, "To ni fa?"

Ta yi dariya. "Kai kuma Allah ya kiyaye hanya."

Wannan ƙullin ne kaɗai mutumin duwan bai gani ba, don yana cikin aljihun wandona.

A Kano na kwana biyu a bakin tasha ina jiran jirgin ƙasa mai zuwa Ikko. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba, kuma babu wanda ya dube ni. A gida na saba a riƙa gwada ni da Isuhu, ina jin haushi. A nan ko gwada ni ɗin ma ba a yi. Dakuwata ta ƙare kafin jirgi ya zo.

A cikin jirgi na sami gefen benci kusa da wata dattijuwa Bayarabiya mai fataucin albasa. Ta daɗe tana zuwa arewa, Hausarta ta nuna, kowa Iya yake ce mata. Zafin rana ya narkar da man shanun Isuhu, goran ya yi yoyo, ya jiƙe rigata ta canji, wadda na ɓoye don in sa ranar da zan shiga Kumasi. Da muka ƙetare babban kogi muka shiga ƙasar daji, ruwa ya tsuge, iska na feso shi ta taga. Na dunƙule ina rawar ɗari. Iya ta kwance zane ɗaya daga kayanta ta yafa mini.

"Wa ya haɗa maka kayan nan?"

Na ce, "Mutanen gari."

"Ai na gani. Babu wanda ya taɓa tafiya a cikinsu. Ɗana, mai tafiya shi kaɗai abu kaɗan yake buƙata. Abin rufa, abin shan ruwa, abincin da ba ya lalacewa, takardarka a jikinka. Sauran duk dako ne. Kai dako aka ba ka, ba a ko ba ka guzuri ba. Wane ne mai kayan?"

"Taubashina ne."

"Lallai ana son sa."

Ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma maganar ta zauna mini. Ta ba ni dafaffiyar doya da manja, na ci na ƙoshi. Duk da haka da ta gyangyaɗa, na jawo kilishin Isuhu na fara ci. Ba yunwa nake ji ba. Ina taunawa ina tuna yadda Gwaggo Hassu ta tsaya a kan mahauci don a zaɓa masa tsoka mai kyau. Da na gama da shi na ciro ƙullin Zulai na kwance da haƙori. Zobe ne na azurfa, siriri, ya sha hannu har zanen jikinsa ya goge. Na san shi, a yatsanta na tsakiya yake zama. Na gwada a ƙaramin yatsana, ya tsaya a gaɓa. Na mayar na ƙulle.

A Ikko na rabu da Iya. Na miƙa mata zanenta ta ce in riƙe. Ta gargaɗe ni kada in ba kowa kuɗin mota sai na ga motar da idona, na ga direba a ciki. Ko sa'a guda ba a yi ba na manta. Wani mutum mai farar riga, bakinsa bakin Kano, ya tare ni a wajen tasha.

"Ɗan'uwa, daga Damagaram? Ai da ganin tafiyarka. Ina zuwa?"

"Kumasi."

"Ka taki sa'a. Motarmu ce ke zuwa Ankara ta Gwalkwas gobe, daga can Kumasi kusa ne. Wuri ɗaya ya rage."

Kwana huɗu ke nan ban ji wanda ya kira ni ɗan'uwa ba. Na kwance lalitata na ba shi. Ya ba ni wata takarda mai tambari, ya zaunar da ni a gindin wani bango ya ce zai je ya kawo mini ruwa. Har rana ta faɗi ina jiran ruwan. Washegari wani mai gadi ya duba takardar ya ce ta wani kantin magani ce.

Na yi kusan mako biyu a Ikko ina dako a kasuwar bakin ruwa. Kaina da ya ɗauko kayan Isuhu kyauta, ya koma ɗaukar na Yarabawa don in ci. Da na ga abin ba zai kai ni ba, na nemi unguwar Hausawa na baje kayan saƙo. Matan can suka yi rububin daddawar nan, wata har tana shinshinawa tana hawaye, wai ƙanshin garinsu. Kuka ta tafi, kuɓewa ta tafi, huluna da takalma suka tafi. Ban ji komai ba. Kowane ƙulli ya fita daga hannuna sai in ji kamar na rage wa Isuhu tsawo. Zoben ne kawai ban sayar ba, ko da yake na wuce ta gaban maƙeran farfaru ba sau ɗaya ba. Na ce wa kaina amana ce. Ƙarya nake yi. Abin da ya fito daga yatsanta ne ba na iya rabuwa da shi.

Daga Ikko muka bi hanyar bakin teku. Na ga ruwan da ba shi da ƙarshe, ban ko yi mamaki yadda ya kamata ba, hankalina na wani wuri. A Dahome na ga jandarma da irin hular da na saba gani a Kance, can wajenmu, ya yi mini tsawa da Faransanci, sai na ji kewar gida ta kama ni har na kusa gode masa. Muka wuce Lome, aka ƙetare da motarmu wani kogi a kan jirgin fito, muka isa Ankara. Duk tsawon hanyar nan abu ɗaya nake fata, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Fatana in tarar da Isuhu a wulaƙance. In tarar agogon aro ne, yana kwana a rumfar kasuwa, in koma Matamaye in ba da labari.

Na same shi da hantsi a zangon Kumasi, cikin rumfar goro. Yana zaune a kujera, mutum shida na ɗaure huhun goro a gabansa, shi ke cewa wannan ya yi, wannan a sake. Agogon na hannunsa. Ya yi ƙiba, ya yi haske. Duk abin da aka faɗa a gida gaskiya ne, har ma ba a faɗi rabi ba. Ya ɗago ya gan ni da zanen mata a kafaɗa da buhu wanda babu komai ciki, ya yi tsalle ya rungume ni.

"Taubashi! Kai ne ko fatalwarka? Wa ya sake ka ka fito kai kaɗai?"

Na gaya masa an aiko masa da kaya da yawa, na cinye wasu, na sayar da sauran. Na so ya yi fushi, don in sami abin riƙewa. Ya yi dariya har yana dafa gwiwa.

"Daddawar Innata ce ta kawo ka Kumasi? To ai ta yi aikin da ya fi miya."

Ranar ya saya mini bargo da riga, ya kai ni wajen maigidansa ya ce, "Alhaji, ga ɗan'uwana, hannunsa na da kyau." Aka ba ni wuri cikin masu ɗaurin huhu. Bayan azahar muna tafiya famfo ɗibar ruwa ya tambaye ni mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sai can ƙarshe, yana kallon wani gefe, ya ce, "Zulai fa?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Ta san za ka zo?"

"Duk gari an sani."

"Ba ta ba ka komai ba?"

Hannuna na cikin aljihu, ƙullin na tsakanin yatsuna. Na dubi agogonsa, na dubi sabuwar rigar da ya saya mini. Na ce a raina, wannan mutumin an ba shi komai, abu ɗaya dai ya rasa.

"Ba ta ba ni komai ba."

Ya ce, "To." Ya tara bokiti, ruwa ya cika yana zuba, sai da na taɓa shi.

Na koyi aikin goro a hannunsa: yadda ake ware fari da ja, yadda ake jera ganye, yadda ake gane wanda ƙwaro ya shiga. Ɗaki ɗaya muke, kwano ɗaya. Ya daina zancen gida. Wata rana da safe muna tsince goro ya gaya mini abin da ke tsakaninsu. Kafin ya taho ya nemi ta jira shi. Ta ce ba za ta amsa da baki ba. In ta yarda za ta aiko masa da zoben da ta gada wajen kakarta, shi kuma da ya gani sai ya tura manya su je gaisuwa. In bai ga zobe ba, kada ya tura kowa a kunyata shi.

"Da na ji kai ne za ka zo, na ce to, ga wanda za ta ba. Ashe ba rabona ba ce."

Na ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Da bakina na faɗa. Na ƙara wata biyu ina yawo da zoben. Kullum in ce gobe zan ba shi, kullum in ga an yabe shi a rumfa, sai in fasa.

Da damina zazzaɓi ya kayar da ni. Kwana takwas ban san inda kaina yake ba. Isuhu ya bar aikinsa, shi ke ɗaga ni, shi ke ba ni magani, shi ke wanke mini tufafi da hannunsa. Ranar da na fara gane mutane, da hantsi, ya shigo hannayensa jiƙe da kumfa. Ya durƙusa ya buɗe tafinsa a gaban idona. Zoben ne a ciki, ya tsinto shi a aljihun wandona.

"Tun yaushe?"

"Tun Matamaye."

Na jira mari, na jira zagi. Ya tashi ya ɗauko ƙwaryar koko ya ajiye a gabana.

"Sha, kada ya huce."

Ranar ya sami fataken goro masu tafiya arewa ya ba su saƙo zuwa ga Gwaggo Hassu, a je gidan su Zulai maza. Amsa ta dawo bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki. An ɗaura mata aure da wani mai awon gyaɗa na Dawce. Sau biyu mutumin ya nema tana ƙi. Da 'yan ci-rani suka koma gida suka ce sun ga Lawali ya isa lafiya, yana ɗaki ɗaya da Isuhu, ta ƙara jira har bayan salla. Ba ta ga kowa ba, ta amsa da kanta.

Na ce wa Isuhu zan aika gida in faɗi gaskiya. Ya ce, "Ka faɗa wa wa? Ta riga ta shiga ɗakinta. In maganar nan ta fita, Innata da Kawu, babanka, ba za su ƙara gaisawa ba har su mutu. Ka bar shi a kaina."

Bai kore ni ba, bai canza mini kwano ba. Taubashi ne kawai bai ƙara kira na ba, Lawali yake cewa. Abin kunyar shi ne, har wannan haƙurin nasa na ji haushinsa. Na so a ce ni ke da irin zuciyar nan.

Bayan shekara biyu na koma gida. Shi bai koma ba, a can ya yi aure, a can ya tsufa. Na zo da akwatin ƙarfe da atamfa, mata suka zo suka shafa, aka kwana biyu ana faɗin sunana a bakin rijiya. Ban ji daɗin da na zata ba.

Ranar kasuwar Matamaye na ga Zulai a layin masu gyaɗa, da goyo a baya. Na so in kauce, ta riga ta gan ni.

"Lawali! Sannu da dawowa. Ashe ana ganin ku?"

Muka gaisa. Ta gyara goyonta, ta rage murya.

"Abu ɗaya nake so in ji, ba zan ƙara tambaya ba. Saƙona ya shiga hannunsa?"

Na ce, "Ya shiga."

"Da idonka ka gani?"

"Da idona."

Ta gyaɗa kai a hankali. "To shi ke nan. Na yi ta cewa ko ɓata ya yi a hanya. Ashe raina ni ya yi. Allah ya ba shi wadda ta fi ni." Ta share ido da bakin mayafi, ta yi murmushi. "Kai dai ka yi naka. Duk garin nan kai kaɗai na yarda da kai, shi ya sa na ba ka."

Ta cika ƙwarya da gyaɗa ta ce in tara, tukuicin wahalata ne. Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya. Sai na tara bakin rigata, ta juye mini, na ce na gode.